TAFINTA A CIKIN ALJIHU: JAWABI GA MUTANEN GWAMMAJA

  

Abin da ya tara mu yau batun rigakafin yara ne. Amma ba kan allurar kanta za mu tsaya ba. Za mu yi magana ne a kan bakin da a ke gaya mana labarinta, da kunnen da mu ke ji da shi, da kuma 'yar wayar nan ta hannu da ta shiga tsakani, wadda yau da wuya a sami gida a Gwammaja da babu ita.

Ku ɗauko katin nan da a ke ba ko wace uwa ran da aka fara yi wa ɗanta allura. Galibinku kuna da shi a gida, wata cikin kwalla, wata ƙarƙashin katifa. Ku buɗe shi. Daga sama har ƙasa Turanci ne. Ba ma Turancin makaranta ba, Turancin likitoci, wanda aka guntule shi ya koma baƙaƙe uku uku: BCG, OPV, PCV, IPV. Ga Penta, ga Rota. Ko yaron da ya gama sakandare, in ka miƙa masa ka ce ya gaya maka wace cuta PCV ke tsarewa, sai ya sosa ƙeya. To, balle uwar da ba ta yi boko ba. Da yawa cikin matanmu sun yi allo, suna karanta ajami sarai, amma katin ba da ajami aka buga shi ba.

Sa'an nan a gefe malamar asibiti ta kan rubuta ranar komowa da lambobi, kamar a ce 14/3. Ita ta san nufinta 14 ga watan Maris. Uwar yaro kuwa lissafinta da watan sama ne, da azumi, da Salla, da ranar suna. Malama tana da mata cike da benci suna jira, yara na kuka, ba ta da sukunin dogon bayani. Sai ta ce, "Ki dawo wata mai zuwa." Shi ke nan. Su biyun nan Hausawa ne, da Hausa kuwa suka yi magana, amma an rabu ba a fahimci juna ba.

Tun da mun taɓo katin, bari mu fassara muku shi sau ɗaya. Ranar haihuwa, ko cikin kwanakin farko, a kan yi wa jariri BCG, watau maganin tarin fuka, ita ce mai barin ɗan tabo a dantse. A ɗiga masa OPV a baki, shi ne na shan inna, a kuma yi masa ta ciwon hanta. Komowa ta farko sati 6 ne, watau kwana 42. Wannan ba ta da wuyar riƙewa, kwana biyu ne bayan arba'in. Ranar a ke fara Penta. Allura ɗaya ce, amma cuta biyar ta ke tsarewa: mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙe-haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo ciwon haƙarƙari da sanƙarau. PCV ita ma ta ciwon haƙarƙari ce. Rota ɗigo ne na gudawa. IPV kuwa maganin shan inna ne, amma na allura. A koma a sati 10, a sake komawa a sati 14, gama Penta sau uku a ke yin ta, in ba ta cika uku ba aiki bai cika ba. Daga nan sai wata 9, a yi ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau. A wata 15 a sake ta ƙyanda. Kun ji iyakar abin da ke cikin takardar nan mai ban tsoro.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk waɗannan, mu da Hausa suna ɗaya mu ke kiransu: rigakafi. Shekara da shekaru mata masu ɗauke da 'yar jakar ƙanƙara suna bin gida gida, suna ɗiga wa yara magani a baki, suna shafa musu tawada a farce, suna rubuta alli a jikin bango. Ka tambayi uwa, "An yi wa ɗanki rigakafi?" Sai ta ce, "Sau nawa ma! Ba a taɓa zuwa an rasa shi ba." Gaskiya ta faɗa. Amma ɗigon nan na ƙofar gida na shan inna ne kaɗai. Ba ya tsare mashaƙo, ba ya tsare ƙyanda, ba ya tsare tarin shiƙa. Waɗannan sai an je asibiti. Kalma ɗaya ta rufe abu biyu, uwa ta kwanta da zuciya ɗaya tana zaton ta gama.

Abin da wannan ya jawo mun gan shi da idonmu. Daga ƙarshen 2022 zuwa cikin 2023 mashaƙo ya faɗo wa ƙasar nan, Kano kuwa ita ta fi ko wace jiha yawan waɗanda suka kamu. Dubbai suka kwanta, ɗaruruwa suka rasu, galibi yara. Da aka bincika sai aka tarar mafi yawansu ba su cika allurar nan sau uku ba. Har sunan cutar ma ya ƙara dagula al'amari. Mashaƙon da kakanninmu suka sani ɗan ciwon maƙogwaro ne da shaƙewar murya, a sha kanwa da citta a warke. In ya matsa a ce belu ne, a kira wanzami. Wannan kuwa wani abu ne dabam. Zazzaɓi ne da kumburin wuya, sa'an nan wata fata toka-toka ta shimfiɗu cikin maƙogwaro har ta toshe numfashi, dafinta kuma ya taɓa zuciya. Da aka yi ta shela a rediyo cewa mashaƙo ya ɓulla, mutane da yawa ba su razana ba, don sun ɗauka tsohon abokinsu ne.

Wannan duk tsakanin Bahaushe da Bahaushe ke nan. Ina ga baƙo? Birnin nan tun fil azal mahaɗar harsuna ne. Sunayen unguwanninmu ma sun isa shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi. Waɗancan sun daɗe da zama Kanawa, amma baƙi ba su daina zuwa ba. Ga Filani masu kawo nono, ga Buzaye masu gadi da iyalinsu, ga Zabarmawa, ga 'yan'uwanmu na Barno da rikici ya koro, musamman daga 2014. Namiji ya kan tsinci Hausar kasuwa cikin 'yan watanni. Matar da ke cikin gida kuwa ta kan shekara ba ta wuce gaisuwa ba, ita ce kuwa mai goyo. In ta je asibiti aka yi mata magana, sai ta gyaɗa kai don kunya. Malama ta ɗauka ta ji.

Akwai kuma wadda ta je wankan gida Maraɗi ko Damagaram, ta komo da katin can. Shi kuma Faransanci ne. Abin da mu ke rubutawa OPV su VPO su ke rubutawa. Ta ƙyanda su ce VAR, ta shawara su ce VAA. Magani ɗaya, yaro ɗaya, takarda biyu ba sa jin maganar juna.

Kada wani ya ce rashin fahimta ƙaramin abu ne. Kanawa sun fi kowa sanin kuɗinsa. A 1996, da annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 ke cikin gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba wanda ya fahimtar da su cewa gwaji ne. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da Hausa sun yarda. Aka yi ta shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ku lura, ƙashin bayan gardamar shi ne: me aka faɗa, me aka ji?

Wannan tabo bai warke ba har 2003, da magana ta bazu cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa. Kano ta dakatad da shi kusan shekara guda, ba a koma ba sai watan Yuli 2004, da aka kawo magani daga Indunusiya. Cuta kuwa ta tsallaka iyaka, daga bisani har ta kai ƙasashe wajen 20. A 2006 yara fiye da 1,100 suka shanye a Nijeriya. Wanda ke son ganin saura ba sai ya yi nisa ba, asibitin ƙashi na Dala ga shi nan maƙwabcinmu, ga kuma samari masu keken hannu a kan tituna. A ran 8 ga Fabrairu 2013 kuma aka harbe mata 9 masu aikin rigakafi a wurare biyu cikin Kano. Allah ya ji ƙansu.

Bayan wannan duka masu aikin lafiya suka gane takarda da lasifika ba su isa ba. Wata dabara da aka fara komawa gare ta tsohuwa ce, dattawanmu sun san ta: majigi. A 2008 aka riƙa zagaya ƙauyukan Gezawa da dare, a kafa farin ƙyalle, a nuna yaran da cutar ta kama da wahalar iyayensu, da Hausa, sa'an nan a ba jama'a dama su yi tambaya. Masu kawo yara suka ƙaru. To, wayar hannu majigi ce da ta ƙanƙance ta shiga aljihu, ba ta bukatar mota, ba ta jiran dare.

Wani aiki da aka sa waya a nan Kano ba na harshe ba ne. An riƙa ba masu ɗigo wayoyin da ke nuna duk inda suka taka, a ɗora sawunsu bisa taswirar da aka zana daga hoton tauraron ɗan'adam, a ga rugar da aka tsallake. Wata ƙungiya mai ofis a Kano, eHealth Africa, tana cikin masu wannan aiki. Ya yi amfani, amma ba shi ne abin da mu ke so ku riƙe ba.

Wanda ya dace da zancenmu sunansa AVADAR. Ga matsalar da ya zo warwarewa. Likitoci suna so duk yaron da bai kai shekara 15 ba, in ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya ya yi laƙwas, a sanad da su nan da nan. Suna da dogon suna na Turanci da su ke kiran wannan hali, wanda ba ya fassaruwa. In an ce shan inna, to, an taɓo wani abu, gama sunan nan daga Inna ya fito, aljanar da masu bori ke cewa ita ke shanye ƙafar yaro. Wanda ya gaskata haka ba asibiti zai nufa ba. Kuma ko wace kabila da nata sunan da nata fassarar. Mutanen da a kan fara kai wa irin yaran nan kuwa su ne maɗora, da wanzamai, da ungozomai, da masu magani, da masu kemis, waɗanda da yawansu ba sa cika takarda.

Sai aka ce a bar suna, a nuna abin. Aka ba su waya, aka sa wani shiri a ciki, irin wanda a ke kira manhaja. Ko wane mako wayar ta yi ƙara da kanta, ta nuna ɗan gajeren bidiyo na yaro mai irin wannan lalura, yana rarrafe yana jan ƙafa, murya kuma tana bayani da harshen mai riƙe da wayar. Sa'an nan ta tambaye shi: ka ga yaro mai kama da wannan? Ya danna i, ko a'a. In i ne, saƙo ya tafi ta hanyar tes, ko babu intanet, ya faɗa wayar ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma. Shi kuma ya zo ya duba yaron, ya ɗebi bayan gidansa sau biyu, a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri. Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fara gwada shi a 2016 a Kuje, kusa da Abuja, da Oke-Ero ta jihar Kwara. Daga baya aka kai shi Barno, da ƙasashen bakin tafkin Cadi, watau Nijar da Cadi da Kamaru.

Mu a ganinmu wannan ita ce dabara mafi kyau cikin duk waɗanda aka yi, don ba ta nemi wanzami ya koyi Turanci ba, ba ta kuma tsaya gardama da shi kan aljanu ba. Ido ba ya bukatar tafinta. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a jihar Kano a Sumaila ya ke, cikin Yuli 2014. Na ƙarshe a Nijeriya a Barno ya ke, cikin Agusta 2016. A ran 25 ga Agusta 2020 aka yi shelar Afirka ta rabu da ita. Ba waya kaɗai ta yi wannan ba, sarakuna da malamai da matan da suka yi ta bin gidaje cikin rana su ne da babban rabo. Kuma in kun ga har yanzu a kan fito da ɗigo, dalili shi ne akwai wani rikiɗaɗɗen iri da kan ɓulla inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba.

Darasi na biyu daga Maiduguri ya zo. Wata ƙungiyar masu fassara, Translators without Borders, ta shiga sansanonin 'yan gudun hijira a 2017, ta gwada mutane da gajeren rubutu na Hausa ko na Barbarci, ta yi musu tambaya mai sauƙi a kansa. Waɗanda suka amsa daidai ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Matan da ba su yi makaranta ba, masu ƙananan harsuna, su suka fi baya. Da aka sa musu murya suka saurara, sai aka ga an fi ganewa nesa ba kusa ba. Saboda haka suka tsara ƙamus na cikin waya, mai kalmomin lafiya da Hausa, da Barbarci, da Fillanci, da Larabcin Shuwa, da Margi da sauransu. A 2021 kuma, lokacin korona, suka fito da wani mai ba da amsa na cikin waya da suka raɗa wa suna Shehu, a rubuta masa tambaya da Hausa ko Barbarci ya amsa. Tun 2016 ma kamfanin Airtel ya buɗe wani layi, wanda aka fara da lamba 321, mutum ya buga kyauta ya zaɓi Hausa, ya saurari bayanin lafiya da na noma.

Kun ga inda duk suka dosa. Saƙon tes na tuni da a ke aiko wa uwa da Turanci, ko da Hausar boko in ba ta karatu, bai fi katin da ke ƙarƙashin katifa ba. Murya ita ce ke shiga. Wannan kuwa ku kun riga masana sani, gama ba wanda ya koya wa tsohuwar Gwammaja aika saƙon murya ta WhatsApp zuwa ga 'yarta da ke Makka.

Saura na'urar fassara. Samarinmu sun san ta. Google ta sa Hausa cikin nata a watan Disamba 2013, a 2024 ta ƙara Fillanci da Barbarci. A kan ɗora idon waya bisa takardar Faransanci ta juye nan take. Malamar asibiti in ta rasa tafinta, wannan ta fi babu. Amma a yi hattara da ita ƙwarai. Guntayen baƙaƙen nan irin su VAR ba ta san su ba. Kuma Hausa a rubuce tana da tarko. Shawara da a ke ba aboki, da shawara mai sa ido ya yi rawaya, rubutunsu ɗaya ne. Lamba ta lissafi, da lamba ta agana da aka yi wa dattawanmu a dantse kafin cutar ta ƙare a ƙasar nan a 1970, rubutunsu ɗaya. Inna ma haka. Mutum ya kan gane da muryar mai magana da abin da a ke ciki, na'ura kuwa ta kan yi kaki-da-kaki, kuma ba ta jin kunya, ba ta cewa "ban gane ba". Ƙyanda ma, wani ya ce baƙon dauro, mutanen wajen Sakkwato da Maraɗi su ce dussa, ita kuwa in ta ga dussa sai hankalinta ya tafi ga abincin awaki. Don tambayar hanya ba laifi. Amma inda a ke neman yardar uwa, ko a ke gaya mata abin da za ta yi in jikin yaro ya yi zafi, lalle a sami mutum mai jin harsunan biyu, ko da ta waya za a kira shi.

Wani abin kuma, hanyar da gaskiya ke bi ita ƙarya ke bi, ta kan riga ta isa ma. Kun tuna daren nan na Agusta 2014, da aka yi ta tashin mutane a waya a ce su yi wanka da ruwan gishiri su sha, wai maganin Ebola? Har rayuka aka rasa. Haka yau za ka ji murya mai daɗi, da Hausa tsantsa, da sallama da salati, tana cewa allura kaza tana kashe mahaifa. Iya Hausa ba shaidar gaskiya ba ne. Wa ya yi maganar? A wane asibiti ya ke aiki? In ba suna ba gari, kada ka tura wa kowa. Ka kai wa malamar asibiti ko mai unguwa su saurara tukuna. Yanzu har akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum, ta sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

Yanzu mu juyo gare ku, magidanta. A gidaje da yawa wayar a aljihun maigida ta ke kwana, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta ke wuni. In an karɓi lamba a asibiti, taka a ke bayarwa. Saƙon tuni in ya zo, kai ya ke samu, kana tsakiyar ciniki, ka share. Uwargida ba ta ji ba, ko ta ji ma sai da izninka za ta fita, da kuɗin adaidaita daga hannunka. To, ashe tafintan na ƙarshe kai ne. Ran da aka komo daga asibiti ka karɓi katin, ka duba ranar komowa, ka sa wa wayarka ƙararrawa. In ba ka iya ba, ɗanka ya iya. Allurar nan kyauta ce a asibitin gwamnati.

Ku kuma iyayenmu mata, ga wata 'yar dabara da ba ta cin ko kwabo. In kina da waya, kafin ki tashi daga gaban malama ki ce, "Don Allah malama, faɗa mini a nan." Ki danna wurin ɗaukar murya, ta faɗi abin da aka yi wa yaro yau, da ranar komowa, da ranar mako, Talata ce ko Alhamis. Ba zai ci mata minti guda ba. Kin tafi gida da bakinta ke nan, ki sa wa maigida, ki sa wa kakar yaro, wadda sau da yawa ita ce mai hanawa. Ki kuma ɗauki hoton katin, don kati ya kan jiƙe, ya kan ɓace wajen ƙaura. Ki tambaya abin da zai biyo baya. Penta ta kan sa zazzaɓi da ɗan kumburi a cinya kwana ɗaya ko biyu. Uwar da aka gaya wa tun da wuri ba ta firgita. Wadda ba a gaya wa ba, in ta kwana tana jijjiga yaro, ba ta sake komowa. In zafin ya yi tsanani, ko ya wuce kwana biyu, ko yaro ya ƙi nono, a koma asibiti. In kuma kin makara, ko da watanni ne, kada kunya ta hana ki. Ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya a ke ɗorawa.

In an nemi sunanki da lambar wayarki za a shigar cikin na'ura, kina da ikon tambaya: me za a yi da su, wa zai gani? Mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Akwai kuma roƙon da mu ke yi ga masu unguwanni. A cikin taron nan ba a rasa mai jin Fillanci, da mai jin Barbarci, da mai jin Buzanci ko Zabarmanci, da wanda ya yi zaman Nijar ya iya karanta Faransanci. Muna so a rubuta sunayen waɗanda suka yarda, maza dabam mata dabam, da lambobinsu, a kai wa malaman asibitin unguwa. Ran da baƙuwa ta zo da goyo aka rasa bakin magana, a buga wa ɗaya, a sa waya a tsakiya, su ukun su yi magana. Mace ta fi sakin jiki da muryar mace, sai a fi neman mata. Wanda kuma ke da baƙi a gidan haya ko a kangon da ya ke kula da shi, ya tambaye su katin 'ya'yansu, gama mashaƙo ba ya tambayar yaro harshen uwarsa kafin ya tsallaka katanga.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, ko wace mace ta zo aji da katin ɗanta, maza kuma su zo da na gidajensu, har da na Nijar in akwai. Za mu bi su layi layi, mu rubuta sunan ko wace allura da Hausa a gefe, da boko da ajami, mu ga yaran da suka tsaya a Penta ta ɗaya ko ta biyu. Wanda katinsa ya ɓace shi ma ya zo, a rubuta sunan yaron da watan haihuwarsa.

Sai mu dakata nan. Mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara daga wajen mata.